Layinmu da Na Kumbura da Bakina

Shekarun baya, lokacin Yayata tana da rai, an yi wata damina da manyan motoci suka kusa rushe mana gida a kanta. Wasunku a nan sun sha tambayata me ya sa tsohuwa kamata take yawan duba taswirar cikin waya sai ka ce direban tirela. To yau zan gaya muku, kuma ba zan rufa wa kaina asiri ba.

Gidana yana can gaba da Sabon Tasha, in an nufi wajen Rido, a wani lungu da muke ce wa layi don mu ji daɗi. Daga bakin titi yana da faɗi, mota biyu ma sa gifta juna. Amma yana tafiya yana tsukewa kamar ƙafar wando, in ya iso daidai gidana mota ɗaya ce ke wucewa, ita ma da addu'a. Gaba da gidana kuwa kwari ne mai ruwa, an shimfiɗa katako ana takawa. Babur yana hayewa. Mota kam sai in Allah ya ba ta fiffike.

Ɗakuna biyu gare ni, duka bayansu yana jikin layin, kuma ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. A ɗaya Yayata take kwance. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta, amma bakin nan nata lafiya lau. Ni kuma ɗinki nake yi, ina sayar da atamfa a 'yar rumfa ƙofar gida. Karatun boko sai da na haura sittin na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Lokacin da abin nan ya faru shekarata biyu da fara haɗa baƙi, in na karanta layi ɗaya sai na huta.

Ranar farko, bayan azahar ce, ina ba Yaya kunu. Sai muka ji gida yana rawa, ƙasa ta zubo daga sama ta faɗa cikin kofin. Na fita ko takalmi babu. Tirela ce ƙatuwa, ta shigo har bakin kwarin, ta rasa gaba, direban yana ta ƙoƙarin ribas, bayanta yana gugar bangon ɗakin Yaya.

Na ce, "Kai ɗan nan, makaho ne kai? Ina za ka?"

Ya leƙo yana zufa ya ce, "Mama, yi haƙuri. Go-silo nake gudu. Waya ce ta ce in bi ta nan."

Na ce, "To ita wayar ta sauko ta fitar da kai."

Bai ji haushi ba, bawan Allah. Ya sauko ya nuna mini. Na ga wani layi mai kauri, ruwan ɗorawa shar, ya taso daga babban titi, ya wuce ta jikin gidana, ya haye kwarin kamar ba komai, ya je ya haɗe da titin da ke can ƙetare.

Ya ce, "Kin gani? Mu in muka ga wannan kalar da wannan kaurin, babban titi ne. Shiga kawai muke."

Sai la'asar sakaliya aka fitar da ita. Na ɗauka tsautsayi ne na rana ɗaya. Sati bai cika ba sai ga tanka. Bayanta motar siminti. Kowa ya zo, magana ɗaya: waya ce ta ce. Kafin wata ya ƙare bangon ya tsage daga sama har kusa da ƙasa, ina iya zura yatsa biyu. Ga ruwan sama yana jiƙa shi kullum. Na ja gadon Yaya iya inda ɗakin ya ba ni, amma ɗakin nawa ne duka? Ko bangon ya faɗi daga ina, a kanta zai sauka. Na ce mu koma gidan ɗana a Tudun Wada, ta ce ita ba kaya ba ce da za a riƙa yawo da ita, a ɗakin nan za ta jira Mai-kowa.

Ta dubi tsagar ta ce, "Ke dai in ya tashi faɗowa, ki roƙe shi ya sauka a ɓarin da ya riga ya mutu."

Na ce, "Yaya, bar wannan magana."

Ta ce, "To ki yi wani abu mana, ba kin yi boko ba?"

Wannan gorin ya shige ni. Na nemo fallen katako da fenti, na zauna na rubuta BA HANYA da manyan baƙaƙe. Shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa don jama'a su karanta, na kafa shi a bakin layi ina jin kaina kamar gwamna. Kwana uku wata mota ta take shi. Na tare direban na ce ba ka ga allo ba? Ya ce, "Na gani Hajiya, amma na ɗauka tsoho ne, tunda waya ta ce akwai hanya." Ku ji fa. Mutum ya ƙaryata idonsa ya gaskata zane. Muka tara duwatsu a bakin layi, mai unguwa ya sa aka kwashe, ya ce masu kawo ruwa da masu keke za su rasa wurin shiga. Kuma a nan kam yana da gaskiya.

Wadda ta buɗe mini ido maƙwabciyata ce, muna ce mata Madam. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ta yi aiki a ofishin safiyo har ta yi ritaya, rayuwarta duka zanen taswira ta yi da hannu. Ta dawo daga coci ran Lahadi ta same ni a rumfa na yi tagumi. Ta jawo kujera, ta sa tabarau, ta karɓi wayata.

Ta ce, "Hajiya, ke tela ce, wannan ba zai ba ki wuya ba. Zare nawa kike da shi a kwandon nan?"

Na ce, "Kala-kala."

Ta ce, "Kina ɗinka buhu da zaren da kike ɗinka mayafi?"

Na ce, "Haba Madam, ni mahaukaciya ce?"

Ta ce, "To haka hanya take. Dubi nan." Ta nuna mini titin Abuja wajen Gonin Gora, layi ne jibgege mai kala mai ƙarfi, da baki-baki a gefensa kamar an yi masa kalmasa. Ta ce wannan uban tituna ke nan. Ta nuna ruwan ɗorawa da bai kai shi kauri ba, ta ce babban titin cikin gari. Ta nuna farare sirara da suka cika unguwanni kamar saƙar gizo, ta ce waɗannan layukan gidaje ne, na ƙaramar mota. Sannan ta nuna wani mai yanke-yanke, irin ɗinkin hannu da nake fara yi kafin in ɗora a keke, ta ce hanyar ƙafa ke nan. Ta ce wata taswirar kalarta takan bambanta, amma dokar ɗaya ce: mai kauri na manya, siriri na ƙanana, mai yanke-yanke na masu tafiya a ƙasa. Direba yana gudu ba shi da lokacin karanta suna, kala da kauri kawai yake gani.

Wallahi a take na gane, har na ji haushin da ban sani ba tun da. Na ce, "To wane marar tsoron Allah ne ya ɗinka mana lungu da zaren buhu?"

Ta ce, "Kalar ba daga sama take faɗowa ba. Akwai hoton da ake ɗauka ta sama, amma bishiyoyin mangwaron nan sun rufe kwarin, ba a gani. To sai mutane su zo su tambaya, su rubuta irin hanyar. Abin da aka rubuta shi na'ura take bi ta sa kala. Wani ne ya ce musu wannan babban titi ne mai ɓullewa."

Sai na sauke wayar a cinya.

Don na tuna. Wajen shekara uku kafin nan, wasu 'yan mata biyu masu hular rana sun zo da waya a hannu, suna bin layi-layi suna tambaya. Hadari ya taso, suna sauri, suka tsaya a rumfata. Ɗaya ta ce, "Mama, hanyar nan mota na bi? Tana ɓullewa?" Lokacin ana ta raɗe-raɗin za a zuba kwalta a wasu unguwanni. Ni kuma da wayona na ce a raina, waɗannan daga gwamnati suke, in na ce lungu ne an manta da mu ke nan har abada. Sai na gyara ɗankwali na ce, "Ƙwarai kuwa. Babban titi ne, har tirela na bi, yana ɓullewa can ƙetare." Suka danna waya, suka yi godiya, ruwa ya kore su. Har na yini ina yabon kaina, wai na yi wa unguwa hidima.

Na dubi Madam na ce, "Marar tsoron Allahn nan ni ce."

Na ba ta labari. Matar nan ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce, "Hajiya! Ashe ke ce injiniyar da ta yi mana titi? Kin ce tirela na bi, to ga shi Allah ya amsa."

Daga cikin ɗaki Yaya ta ɗaga murya, ashe tana ji. Ta ce, "Tun tana yarinya haka take. Ta kama fara ta ce zabo ne."

Na ce to ya isa, yaya ake warwarewa? Madam ta ce akwai wurin da ake kai ƙorafi a cikin taswirar, a rubuta abin da ba daidai ba, a sa hoto, masu dubawa su duba. Na ce maza a rubuta a goge layin gaba ɗaya, ko a maida shi mai yanke-yanke tun daga bakin titi, kada in sake ganin ko taya.

Ta ce, "A'a. Ƙarya kika yi ta farko, yanzu kuma za ki yi ta biyu? In kika maida shi hanyar ƙafa, ranar da jikin Yaya ya tashi kika kira mota, direba zai duba ya ce babu hanyar zuwa gidanki. Zai tsaya a titi, ke ki goyo ta."

Wannan magana ta zaunar da ni. Ta ce gaskiyar layin guda biyu ce: fari siriri daga titi zuwa ƙofata, mai yanke-yanke daga ƙofata zuwa ƙetare. Kuma sai mun kawo shaida.

Madam ta ce tef ɗinta na awo ya ɓace tun da jikoki suka gano shi. Nawa na ɗinki kuwa gajere ne, sai in yini. Sai na jawo turmin atamfa sabo fil, yadi shida cif, kowa ya san tsawonsa. Washegari da hantsi muka fita, ni na riƙe baki ɗaya, Madam ɗaya, muna shimfiɗa shi a faɗin layi tana ɗaukar hoto. A bakin titi turmi ɗaya da rabi. A tsakiya turmi ɗaya ba kaɗan. Daidai bangon Yaya rabin turmi da ɗan ɗoriya. A kan katakon kuwa ko yadi ɗaya da rabi bai cika ba.

Mazan majalisar bakin layi suka samu abin yi. Wani ya ce, "Hajiya, layin za ki ɗinka wa riga?" Na ce, "Wando zan ɗinka masa, in ya yi saura in ɗinka wa bakinka marfi."

Magana ta kai kunnen mai unguwa, ya aiko in zo. Na same shi da dattawa a ƙofar gidansa. Ashe su sun daɗe da sanin kalar nan, suna alfahari da ita. Ya ce, "Hajiya, na ji kina so a rage mana daraja. Duk yankin nan layinmu kaɗai ne ruwan ɗorawa. Baƙo ya duba waya ya ga muna kan babban titi. Wata rana hukuma ma za ta gani ta ce ai wannan titi ya cancanci kwalta. Yanzu ki sa a maida mu zare-zare kamar hanyar awaki?"

Na durƙusa yadda ya kamata na ce, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin ni na fara yin sa, shekara uku ke nan. Darajar nan da kuke gani ba hukuma ta ba mu ba, ni na ƙirƙire ta a rumfata, da bakin nan nawa. Kwalta ba ta zo ba, tirela ce ta zo. In kana son ruwan ɗorawa, a kawo gadonka a jingina da bangona, ni kuma in kawo Yaya ɗakinka. Duk wanda ya kwana bakwai a can sai ya zaɓa mana kala."

Wani tsoho ya yi tari don ya ɓoye dariya. Mai unguwa ya ce, "Ke dai ba a raba ki da magana. Je ki yi abin da za ki yi, amma babu hannuna."

Na ce, "Hannunka ba na nema, ranka ya daɗe, kada dai ka sa ƙafa."

Madam ta ce bari ta rubuta mini ƙorafin da Turanci. Na ce a'a, bakina ya ɓata, hannuna zai gyara, ita ta sa Turancin a ƙasa. Na yini guda a kan layi biyar. In rubuta, in goge, yatsa ya danna baƙi biyu a tare, in sake. Abin da na rubuta har yau ina da shi a ka: Wannan ba babban titi ba ne. Ƙaramar mota tana zuwa gida na ƙarshe. Daga nan katako ne, sai ƙafa da babur. Ni ce na faɗi ba daidai ba a da. Akwai marar lafiya a bayan bangon. Muka haɗa da hotunan atamfa muka tura.

Shiru. Sati ɗaya, sati biyu. Kullum in duba, ruwan ɗorawan nan yana nan yana harara ta. Madam ta ce murya ɗaya ba ta cika isa ba, in mutane da yawa suka faɗi abu ɗaya an fi saurin dubawa. Na kai maganar ajinmu, matan da ke da babbar waya suka tura, malamarmu ma ta maida shi darasin ranar. Duk da haka shiru. Tsagar kuwa ta kai yatsa uku, mun tokare bangon da azara biyu.

Sai na ce to, tunda allo bai tsayar da su ba, bari in zama allon da kaina. Na sa aka ɗauko keken ɗinkina aka dasa shi a tsakiyar layi, daidai inda ya fara tsukewa, na kafa lema. Ƙananan motoci in matsa musu. Babba kuwa in ta shigo, ko ɗaga kai ba na yi, taka kekena kawai nake. Su yi ta hon. In direba ya gaji ya sauko, sai in ce, "Sannu da zuwa ɗan nan. Taka da ƙafarka ka je ka ga titin da wayarka ta ce." Ya je ya ga katako, ya dawo yana salati ko yana kiran Yesu, ya ce na cece shi. Sai in ce, "Godiyarka ɗaya ce. Fito da wayar, ka gaya mata da kanka ta yi ƙarya." Na riga na haddace inda ake dannawa, ni nake nuna musu. Wani ɗan Kakuri, Inyamuri, ya ce, "Mama, kin fi 'yan yuniyon na tasha tsanani." Na ce, "Su albashi suke karewa, ni Yayata."

Kwana goma sha tara na yi a wurin, rana da yayyafi. Ƙafafuna suka kumbura, ɗana ya zo ya yi faɗa ya gaji ya tafi. Ɗinkin da na yi a tsakiyar layin nan ya fi na cikin rumfa yawa, don mata har zuwa kallo suke su bar aiki.

Rana ta ashirin da safe ina wanke wa Yaya fuska, sai ga Madam ta faɗo ko sallama babu, da zani a kafaɗa. Ta ce, "Hajiya, ɗauko tabarau!" Na duba. Ruwan ɗorawa ya tafi. Wani farin zare siriri ya taso daga titi, ya zo daidai ƙofata ya tsaya. Daga nan sai yanke-yanke, ƙanana, suka haye kwarin. Na sa yatsa na bi shi tun daga farko har ƙarshe, sau uku.

Yaya ta ce a nuna mata. Na kai mata wayar kusa da ido. Ta daɗe tana kallo ta ce, "Shi ke nan mu? Ɗan wannan?"

Na ce, "Shi ke nan mu, Yaya."

Ta ce, "To ai ya ishe mu."

Ban yarda ba sai da na gwada. Na koma bakin titi na zauna, ba keke ba lema. Can wajen azahar go-silo ya haɗu, wata tirela ta rage gudu daidai bakin layinmu. Na ga direban ya dubi wayarsa, ya dubi layin, ya miƙe abinsa ya bi sahu. Bai ma san da ni ba. Ban taɓa jin daɗin wani ya wuce bai kula ni ba sai ranar.

Aka gyara bangon da rani. Mai unguwa ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da hanci, daga baya ya huce. Sau biyu jikin Yaya yana tashi muna kiran mota, kuma har ƙofa take zuwa, kowane karo sai na tuna Madam da ta hana ni ƙarya ta biyu. Yaya ta ƙara shekara biyu a ɗakin nan. Ta rasu a kan gadonta, da rana tsaka, hannunta a cikin nawa, bango yana tsaye. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ni a da ina ɗauka ƙarin gishiri ba ya kashe kowa. Kowa yana yi, a faɗi abu ya fi girmansa don a samu shiga. Ban san akwai inda ake ɗaukar maganar tsohuwa a shafa mata kala, mutumin da bai taɓa ganina ba ya ɗora motarsa a kai da kaya niƙi-niƙi. Da zan kumbura layin, numfashi ɗaya na yi. Da zan saɓe shi, sai da ƙafafuna suka kumbura. Har yanzu duk Juma'a nakan buɗe taswirar in duba farin zaren nan, kada wani mai wayo irina ya sake yi mana gata.

Turmin atamfar yana nan a ƙasan akwati, da jar ƙasa a bakinsa, na hana a wanke, na hana a saya. Bara wasu masu hular rana suka sake zuwa, suna tambayar inda ruwa yake kaiwa in kwarin ya cika. Mazan majalisa suka taso, wannan ya ce har gwiwa, wancan ya ce har wuya, wai ko a kawo mana gada. Na ce duk ku yi shiru. Na dubi yarinyar da ke riƙe da wayarsu na ce, "'Yar nan, kada ki danna komai tukuna. Jira ni in ɗauko turmina."